Friston ko Andreasen: Wane Irin Malami Ya Kamata Likita Ya Nema a Binciken Hoton Ƙwaƙwalwa?

Likitan da ya gama horon ƙwarewa a fannin taɓin hankali, kuma Allah ya buɗa masa hanyar tallafin karatu zuwa Birtaniya ko Amurka don yin digiri na uku a binciken hoton ƙwaƙwalwa, akwai abin da yakan fara yi tun kafin ya rubuta wa kowa wasiƙa. Zai buɗe Google Scholar, shafin neman maƙalolin bincike, ya jera sunayen farfesoshi, ya duba wane ne aka fi ambaton aikinsa a maƙalolin wasu. Wanda lambarsa ta fi girma shi ne gwani, can zai nema. Lambar ba ƙarya take yi ba. Matsalar ita ce tana amsa wata tambaya daban da wadda likitan yake yi. Ita tana ƙirga yawan masu binciken da suka taɓa aikin mutum, shi kuma yana son sanin a hannun wa zai koyi abin da zai amfane shi, ya amfani marasa lafiyarsa.

Don a ga bambancin da kyau, zan ɗauki mutum biyu da babu mai jayayya a kan girmansu a wannan fanni: Karl Friston na University College London, da Nancy Andreasen ta Jami'ar Iowa. Dukansu likitocin taɓin hankali ne, dukansu cutar sikizofiriniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, ce ta ja su zuwa ga na'urar ɗaukar hoto. Ba shawara nake ba ka ka rubuta wa ɗayansu ba. An haifi Andreasen a 1938, shi kuma Friston layin masu nemansa ya yi tsawo. Na ɗauke su ne a matsayin samfurin malamai iri biyu da za ka tarar a kowace babbar jami'a, ɗaya mai ƙera kayan aiki, ɗaya mai zaman asibiti.

An haifi Friston a 1959 a York. Ya yi kimiyya a Cambridge, ya yi likitanci a Landan, ya yi horon taɓin hankali a Oxford, inda ya zauna da masu sikizofiriniya a asibitin Littlemore. Daga nan ya koma Asibitin Hammersmith, wurin da ake ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa da na'urar PET. Damuwar masu bincike a lokacin ita ce ƙwaƙwalwar kowa da irin girmanta da siffarta, kuma hoto ɗaya yana ɗauke da dubban ɗigo-ɗigo. Ta yaya za a haɗa hotunan mutum goma a ce ga wurin da ya motsa a dukkansu, ba tare da an yaudari kai ba? Friston ya fito da hanyar ƙididdiga da manhajar da ake kira SPM a farkon shekarun 1990, ya raba ta kyauta. Da hoton fMRI, mai nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki, ya bazu a duniya, sai ta zama ɗaya daga cikin manhajojin da kusan kowa ke buɗewa. A 2000 shi da John Ashburner suka fitar da hanyar auna yawan naman sassan ƙwaƙwalwa ɗigo bayan ɗigo, wadda ake kira VBM, a 2003 kuma ya kawo DCM don lissafin yadda wani sashe ke tasiri a kan wani. A 2016, da manhajar Semantic Scholar ta tantance masana ƙwaƙwalwa, shi ta ɗora a kan gaba.

Andreasen ta shigo ta wata ƙofa. Digirinta na uku a adabin Ingilishi ta yi shi, har ta koyar da adabi a Iowa, kafin wata rashin lafiya mai tsanani bayan haihuwar 'yarta ta fari ta karkatar da ita zuwa likitanci, ta gama a 1970. Aikin da ya fara ɗaga sunanta ba hoto ba ne ma. A farkon shekarun 1980 ta tsara ma'aunai biyu, SANS da SAPS, na tantance alamomin sikizofiriniya. Kafin nan hankalin likitoci ya fi tafiya kan abin da ke da hayaniya: jin muryoyi, mugun zato marar tushe, maganar da ba kai ba gindi. Ita ta nace a auna abin da cutar ke ɗaukewa a ɓoye, wato fuskar da ta daina nuna farin ciki ko baƙin ciki, ƙarancin magana, mutuwar zuciya, janyewa daga mutane. Duk wanda ya ga saurayin da magani ya kashe masa muryoyi amma ya shekara a zaure ba ya ko neman wanka, ya san waɗannan alamomin su ne suke gajiyar da iyali. A 1986 ta wallafa ɗaya daga cikin binciken MRI (hoton cikin jiki da maganaɗisu) na farko da ya auna girman sassan ƙwaƙwalwar masu wannan cuta. Ta yi shekara 13 tana editan American Journal of Psychiatry, kuma a 2000 aka ba ta lambar kimiyya ta ƙasa a Amurka.

Idan da lamba kaɗai za a yi hukunci, Friston ya yi nisa. Ma'aunin h, wanda masanin fiziks Jorge Hirsch ya kawo a 2005, lissafinsa mai sauƙi ne: in an ce h ɗin mutum 40 ne, yana da maƙala 40 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Na Friston ya haura 200. Amma a duba yadda ambaton yake zuwa. Mai bincike a Tokyo da ke nazarin gani, da wani a Toronto da ke nazarin kiɗa, da wata a Berlin da ke nazarin tsufa, duk in sun yi aiki da SPM dole su rubuta sunansa a sashen hanyoyin bincike, ko da ba su taɓa ganin mai taɓin hankali ba. Kamar maƙeri ne da fartanyarsa ke hannun kowane manomi a gari: sunansa yana kowace gona, amma wannan bai gaya maka ko gero ya yi kyau bana ba. Haka abin yake a duk kimiyya. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙaloli 100 da aka fi ambata a tarihi, kuma mafi yawansu na hanyoyin aiki ne da manhajoji. Ta farko ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 a kan auna furotin, mai ambato sama da 300,000. Maƙalar Watson da Crick a kan siffar DNA ba ta ma shiga ɗarin ba.

Wannan ba rage darajar Friston ba ne. Ba don irin aikinsa ba, da kowane ɗakin bincike da nasa lissafin, babu mai iya duba na wani. Kuma ya yi tunani a kan cutar kanta: a 1995 shi da Chris Frith suka kawo ra'ayin cewa sikizofiriniya matsala ce ta yadda sassan ƙwaƙwalwa ke sadarwa da juna, fiye da lalacewar wani wuri guda. Ra'ayin ya zauna, har yau ana gini a kansa. Sai dai daga baya hankalinsa ya tafi kan wani babban ra'ayi na lissafi, mai cewa aikin ƙwaƙwalwa duka hasashe ne da rage kuskuren hasashe, kuma maƙalolinsa a kan wannan sun yi suna wajen wahalar fahimta har a tsakanin ƙwararru. Ɗalibin da bai da ƙarfi a lissafi zai iya ƙare shekararsa ta farko yana gyaɗa kai a taron mako-mako.

Tasirin Andreasen a wani wuri yake zaune, kuma lamba ba ta kama shi duka. Likita ba ya rubuta ambato in ya zauna da marar lafiya yana tambayar alamomin da ta koya wa duniya dubawa. A 2005 ta jagoranci kwamitin da ya fayyace abin da za a kira lafawar cutar: wasu manyan alamomi takwas su sauka zuwa mataki mai sauƙi, su zauna haka wata shida. Wannan ya ba likitoci da masu gwajin magani mizani ɗaya.

Abu biyu a tarihinta sun fi jan hankalina, domin su ne suke nuna halin malami. Na farko, binciken 1986 ya nuna gaban ƙwaƙwalwar marasa lafiya ya fi ƙanƙanta. Da ta sake aikin da wasu mutane ta wallafa a 1990, sakamakon bai dawo ba, kuma ita da kanta ta nuna cewa lafiyayyun da aka kwatanta da su a karon farko sun fi marasa lafiyar ilimi, wannan ya gurɓata awon. Na biyu ya fi nauyi. Ɗakin bincikenta ya bi masu cutar tun daga farkon kamuwa, ana ɗaukar hotonsu shekara bayan shekara. A 2011 ita da Beng-Choon Ho suka wallafa sakamakon mutum 211, wanda ya nuna cewa yawan maganin da mutum ya sha a tsawon lokaci yana tafiya tare da raguwar naman ƙwaƙwalwa, ko bayan an cire tasirin tsananin cutar da shaye-shaye. Wannan ba labari ne mai daɗi ga likitar da ta yi rayuwarta tana rubuta waɗannan magunguna ba. Ta fitar da shi, ta kuma yi gargaɗi cewa kada kowa ya daina shan magani, abin da ake so shi ne mafi ƙarancin adadin da zai riƙe mutum. Har yanzu ana muhawara a kan ko maganin ne sila ko kuwa waɗanda cutarsu ta fi tsanani ne ake ƙara wa magani, amma tambaya ce da ke shiga kai tsaye cikin alƙalamin likita ranar asibiti.

Kafin mutum ya zaɓi kowanne ɓangare, ya kamata ya san halin da fannin yake ciki, don ba a cika faɗa wa sabon ɗalibi ba. Tun 1976 Eve Johnstone da abokan aikinta a Asibitin Northwick Park suka ɗauki hoton CT na masu sikizofiriniya 17, suka ga ramukan ruwa na cikin ƙwaƙwalwarsu sun fi na lafiyayyu faɗi. Wannan ƙaramin bincike ya tsaya, an maimaita shi sau da yawa. Amma kusan shekara 50 bayan haka, babu hoton da likita zai ɗauka ya ce wannan sikizofiriniya ce, ko wannan ciwon damuwa ne. A asibiti ana tura mai taɓin hankali MRI ne don a tabbatar ba ƙari ba ne, ba shanyewar jiki ba, ba kumburin ƙwaƙwalwa ba. Thomas Insel, wanda ya shugabanci hukumar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka daga 2002 zuwa 2015, ya faɗa a 2017 cewa an kashe kusan dala biliyan 20 a zamaninsa, an fitar da maƙaloli masu ban sha'awa, amma bai ga an rage masu kashe kansu ko masu kwanciya asibiti ba.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin lissafin. A 2009 Craig Bennett ya bayyana yadda ya sa mataccen kifi a na'urar fMRI, ya nuna masa hotunan mutane, kuma da bai yi gyaran ƙididdiga ba sai ga wuri ya haska a kan kifin. A 2016 Anders Eklund da Thomas Nichols da Hans Knutsson suka gwada manyan manhajoji uku, SPM da FSL da AFNI, suka tarar cewa a wasu saituna da aka saba amfani da su sakamakon ƙarya na iya kai wa kashi 70 cikin 100 maimakon kashi 5. Adalci a nan shi ne a ce da aka tsaurara saitin lamarin ya gyaru sosai, kuma mutanen ɓangaren ƙera kayan aiki ne suka tono matsalar, ba wasu ba. A wani aiki da aka wallafa a 2020, an ba ƙungiyoyi 70 bayanai iri ɗaya su tantance, ba a samu biyu da suka bi hanya ɗaya ba, kuma amsoshinsu sun saɓa a kan tambayoyi da dama. Sai a 2022 Scott Marek da abokansa suka nuna a Nature cewa in ana son danganta siffar ƙwaƙwalwa da hali ko alamar cuta a samu sakamakon da zai maimaitu, dubban mutane ake buƙata, alhali binciken da aka saba yi bai wuce mutum 25 ba.

Ma'anar wannan ga mai zaɓe ita ce maƙala tana iya tara ambato dubu ta kuma kasance ba ta tsaya ba. A 2017 wani bincike a Nature Medicine ya raba ciwon damuwa gida huɗu ta hoton fMRI, aka yi ta ambatonsa, amma da Richard Dinga da abokansa suka bi hanyar a 2019 ba su ga rabuwar ba. Helen Mayberg ta gano ta hanyar hoto cewa wani sashe da ake kira yanki na 25 yana da hannu a ciwon damuwa, kuma a binciken da aka wallafa a 2005 an dasa wa masu ciwon su shida waya mai motsa wurin da lantarki, huɗu suka samu sauƙi. Babban gwajin da ya biyo baya, na mutum 90, an dakatar da shi don bai nuna bambanci ba. Mayberg ta ci gaba da aikin tana gyara inda ake sa wayar, kuma hakan abin girmamawa ne, amma Google Scholar ba ya bambanta ambaton yabo da na ƙaryatawa. Duka ɗaya yake ƙirga su.

Yanzu a sauko kan rayuwar ɗalibi, domin nan zaɓin yake. A ɗakin mai ƙera kayan aiki, kwamfuta ce abokiyarka daga safe zuwa dare. Za ka koyi harsunan rubuta manhaja irin MATLAB ko Python, ka koyi ƙididdiga har cikin ƙashi, kuma kana iya gama shekara uku ba ka zauna da marar lafiya ko ɗaya ba. Ribar tana da yawa: maƙala takan fito da wuri tunda ba ka jiran tara mutane, kuma abin da ka koya yana da kasuwa a wajen jami'a. A ɗakin mai zaman asibiti, lokacinka zai tafi wajen neman izinin kwamitin ɗa'a, lallashin marasa lafiya da danginsu, koyon yin tambayoyi har awonka ya yi daidai da na abokin aikinka, da bin wanda ya daina zuwa. Aikin yana da jinkiri. Kana iya fita da maƙala biyu inda takwaranka ya fita da shida, kuma akwai haɗarin a ba ka mutum 30 a ce ka nemo bambanci, irin aikin da Marek ya nuna ba ya tsayawa.

Akwai hanya ta uku da ta taso tsakanin biyun. A 2009 Paul Thompson da wasu suka kafa gamayyar ENIGMA, inda kowace cibiya ke tantance hotunanta da tsari ɗaya ta aika da sakamako a haɗa. Da haka aka kwatanta masu sikizofiriniya 2,028 da lafiyayyu 2,540, aka kuma kwatanta masu ciwon damuwa 1,728 da lafiyayyu 7,199. A na biyun an tarar sashen tuna abubuwa, hifokamfus, ya ragu da abin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Gaskiya ce, amma ƙarama, ba ta isa a gane cutar mutum guda da ita ba. Wurin koyo ne mai kyau, sai dai a yi hattara da lambobin mutanensa: maƙala ɗaya tana iya ɗaukar sunaye sama da ɗari, kowa kuma h ɗinsa na hawa. In ka ga malami da babbar lamba, buɗe maƙalolinsa goma na sama ka ga a nawa ne sunansa ya zo farko ko ƙarshe.

Sai maganar dawowa gida, ga wanda ke da niyya. Wani bincike da Godwin Ogbole na Ibadan ya jagoranta, wanda ya fito a 2018, ya ƙirga na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne da ba su dace da fMRI ba. Wanda zai koma asibitin taɓin hankali na Barnawa ko Kware ko Dawanau ko Maiduguri, da wuya ya tarar da na'urar da zai ci gaba da aikin da ya koya. A nan lissafin yana da ɗan ban mamaki. Ɗalibin mai ƙera kayan aiki zai iya ci gaba da bincike daga Kano da kwamfuta da intanet, domin akwai manyan rumbunan hotuna kamar Human Connectome Project da UK Biobank da ake iya neman izinin amfani da su, sai dai ƙwaƙwalwar Turawa da Amurkawa zai yi ta nazari. Ɗalibin mai zaman asibiti kuwa, ko babu na'ura, ya dawo da sanin yadda ake auna alamomi, yadda ake bin marasa lafiya shekara da shekaru, yadda ake tsara gwaji. Da irin wannan sani Oye Gureje da abokansa suka gwada haɗin gwiwa tsakanin ma'aikatan lafiya da masu maganin gargajiya da na addu'a a Ibadan da Kumasi, aka wallafa a Lancet a 2020, kuma marasa lafiyar da aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Babu hoton ƙwaƙwalwa ko ɗaya a cikin aikin.

Ra'ayina, ga yawancin likitocin da za su karanta wannan, malami irin Andreasen ya fi dacewa, da sharaɗi ɗaya: ɗakin bincikensa ya kasance yana cikin wata babbar gamayya ko yana da tarin marasa lafiya da aka daɗe ana bi, kuma a samar maka malami na biyu daga ɓangaren lissafi. Yawancin jami'o'in Birtaniya dama malamai biyu suke ba ɗalibi, don haka ba roƙon alfarma ba ne. Abin da likita yake da shi wanda injiniya ba shi da shi, shi ne ya san marar lafiya, kuma asara ce ya ajiye wannan ya je gasar rubuta manhaja da waɗanda suka fara tun suna sakandare. Amma in kai ne wanda lissafi ke yi wa daɗi tun asali, wanda ya riga ya koya wa kansa Python a daren da ba kira, to ka tafi wurin irin Friston ba tare da jin kunya ba. Asibitocinmu da jami'o'inmu suna ƙarancin wanda zai duba maƙalar hoto ya ce wannan lissafin bai tsaya ba.

Ko wanne ka nufa, lambar ambato ta zama tambayar farko, kada ta zama ta ƙarshe. Manyan masu ba da kuɗin bincike irin su Wellcome sun sa hannu a sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012, wadda ta ce a daina auna mutum da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, to ba dalilin da zai sa ɗalibi ya fi su riƙo da lamba. Ɗauki babban sakamakon malamin guda ɗaya ka bincika ko wani ɗakin bincike daban ya maimaita shi. Duba ko yana sakin bayanansa da manhajarsa ga jama'a, da ko ya taɓa wallafa sakamakon da ya saɓa wa ra'ayinsa. A wasiƙarka ta biyu, bayan an fara sabawa, tambaye shi mutum nawa ne a binciken da zai ba ka, an riga an tara su ko kai za ka tara, kuma in ka koma gida za a bar ka ka ci gaba da amfani da bayanan. Sannan ka nemi sunayen ɗalibansa uku da suka gama, musamman waɗanda suka zo daga Afirka ko Asiya, ka rubuta musu ka ji sau nawa yake zama da su a wata.